DARASI: RAI, KURWA DA RUHI, DA IYAKAR ABIN DA MAI MAGANI KE IYA TAƁAWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda babu wani rai da ke motsi face da izininSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga Jiratawa. Ya ce ɗiyarsa mai shekara huɗu ta kwanta tun tsakiyar damina. Ba ta cin abinci, tafin hannunta ya yi fari fat, da ta ɗan taka sai haki, cikin dare kuma tana firgita tana kiran sunan wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Dangin uwar yarinyar sun ce kurwarta aka kama, a je a sa tsohuwar ta tsallake ta. Wani mai tallar magani a kasuwa kuma ya ce masa ƙarfin rai ne ya ƙare a jikinta, yana da kwalbar da ke mayar da shi a kan jika biyar. Sai ɗan'uwan ya rufe takardarsa da cewa: "Malam, mene ne wannan abin da ake cewa ya fita daga jikinta? Shi ne ruhin da Alƙur'ani ya ambata, ko wani abu ne daban?"

Ba mu jira fitowar wannan darasi ba, mun aika masa cewa ya kai ta gidan likita a ranar. Amma tambayarsa ta cancanci a zauna mata, domin ruɗanin da ke cikinta yana shiga gidaje da yawa, yana cinye dukiya, yana raba zumunta, wani lokaci har ya kai yaro kabari.

KALMOMIN DA MUKA GADA

Bahaushe bai tsaya ga kalma ɗaya ba wajen faɗin abin da ke raya jiki. Akwai rai, wanda da shi ake yi wa babba addu'a a ce ranka ya daɗe, in mutum ya cika a ce rai ya yi halinsa. Akwai numfashi, wanda shi ake dubawa a tabbatar ko mai jinya yana nan ko ya tafi. Akwai jini, wanda aka jingina masa ƙarfin jiki da karɓuwa wurin jama'a, har ake cewa wane mai farin jini ne. Sannan akwai kurwa, wadda magabata suka ɗauka kamar abokiyar tafiyar jiki ce: tana fita yawo in mutum ya yi barci, abin da ta gani shi ne mafarki, kuma maye yana iya kama ta ya ɓoye, mai ita ya yi ta ramewa har ya mutu. Shi ya sa wanda ya tsargu da wani yakan ce masa kurwata kur.

Wannan fahimta tana da saiwa mai zurfi a ƙasarmu. Lokacin da Katsinawa suka zauna a Maraɗi bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, da lokacin da Gobirawa suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun tarar da zuriyoyin Anna a bakin Gulbi da al'adunsu na iskoki, su ma kuma sun zo da nasu. Sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tibiri an san su a tarihi da shugabancin 'yan bori. Masu bincike daga waje sun zauna cikinmu sun rubuta waɗannan abubuwa, kamar Guy Nicolas na Faransa, da Pamela Schmoll ta Amurka wadda bincikenta a kan maita a wannan yanki ya fito a 1993. Ta ruwaito cewa mutane suna faɗin a da gadon maita ake yi, yanzu kuwa har da kuɗi ana sayenta. Mai hankali zai lura cewa wannan magana ta buɗe ƙofa mai faɗi: in maita ta zama abin saye, to babu wanda ya tsira daga zargi.

BA MU KAƊAI BA NE

Ka sani, ya ɗan'uwa, kusan kowace al'umma ta yi irin wannan tunani. 'Yan'uwanmu Zabarmawa suna rarrabe jiki da hundi, wato rai, da biya, wadda ta yi kama da kurwa, kuma ita suke cewa maye ke kamawa. Yarbawa suna cewa emi, kalmar da ta haɗa numfashi da rai. Mutanen Indiya suna cewa firana, iskar da suka ce tana zagaya jiki, shi ya sa suke horar da kansu a kan sarrafa numfashi. Mutanen Sin suna cewa ci, kuma tun fiye da shekara 2000 suka rubuta cewa tana bin wasu hanyoyi cikin jiki, in ta toshe ciwo ya zo, sai a soka siraran allurai a buɗe mata hanya.

Yunanawa kuwa suka ce numa, ma'anarta iska ko numfashi. Babban likitansu Jalinusu, wanda ya rayu a ƙarni na 2 bayan Annabi Isa (A.S.), shi ne aka gina koyarwar ruhohi uku a kan littattafansa: na hanta mai kula da abinci da girma, na zuciya mai ɗauke da zafin rayuwa, da na ƙwaƙwalwa mai kula da ji da motsi.

Abin lura shi ne, yawancin waɗannan kalmomi suna komawa ga iska da numfashi. Ko a Larabci nafsu da nafasu 'yan gida ɗaya ne, haka ruhu da rihu. Dalilin a bayyane yake. Ɗan Adam ko'ina yake ya ga jariri yana shigowa duniya da jan numfashi, ya ga tsoho yana barinta da yankewarsa, ya ga gawa ta yi sanyi. Sai ya ce lalle akwai wani abu mai kama da iska, mai ɗumi, da ke riƙe da jiki. Lurar daidai ce. Inda aka rarrabu shi ne wajen bayanin ko mene ne shi.

YADDA MALAMANMU SUKA WARWARE

Da aka fassara littattafan Yunanawa a Bagadaza, sai aka sanya kalmar ruhu a madadin numa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428 Hijira (1037), ya yi bayani a cikin Alƙanun cewa ruhin da likitoci ke nufi wani lallausan tururi ne da ke samuwa a zuciya daga tataccen ruwan jiki. Nan fa ruɗani ya so ya shiga, domin kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijira (1111), ya raba gardamar a cikin Ihya'u Ulumid Din, a babin abubuwan mamaki na zuciya. Ya nuna cewa ruhu na farko shi ne na likitoci, mai tashi daga zuciya yana bin jijiyoyi zuwa gaɓoɓi, ya kuma kwatanta shi da fitilar da ake zagayawa da ita cikin ɗaki, duk kusurwar da ta kai sai ta haskaka. Wannan, in ji shi, aikin masu maganin jiki ne. Na biyu kuwa shi ne wanda ke sani, ke ganewa, wanda za a yi wa hisabi, kuma shi ne aya ta 85 ta Suratul Isra'i ke nufi, inda aka tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da ruhi, Allah Ya umurce shi ya amsa cewa al'amarin Ubangiji ne, kuma ilmin da aka ba mutane kaɗan ne.

Akwai dalili mai ƙarfi a kan wannan rarrabewa. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ɗalibanmu ke hardacewa a matsayin na huɗu cikin Arba'una, ya nuna cewa mala'ika yana busa ruhi ga ɗan tayi bayan matakai uku na kwana arba'in arba'in, wato kwana 120 a fahimtar mafi yawan malamai. Alhali likitoci suna ganin bugun zuciyar ɗan tayi a na'ura tun yana da kamar mako shida. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 Hijira (1350), ya riga ya faɗi cewa kafin busa ruhi ɗan tayi yana da motsin girma da cin abinci irin na tsiro. Ashe ke nan ƙarfin da ke motsa jiki abu ne guda, ruhin da aka busa kuma wani abu ne.

Shi wannan ruhi, babu hannun da ke kai gare shi. Aya ta 42 ta Suratuz Zumar ta nuna Allah ne ke karɓar rayuka lokacin mutuwa da lokacin barci, Ya riƙe wanda ajalinsa ya yi, Ya saki saura. Aya ta 145 ta Ali Imrana ta nuna babu ran da ke mutuwa sai da izinin Allah a kan ajali rubutacce. Saboda haka duk wanda ya ƙudurce cewa wata tsohuwa tana iya cire ruhin ɗiyarsa ta rufe cikin tulu, to ya ba halitta abin da yake na Mahalicci ne, sai ya binciki tauhidinsa.

FITILAR DA MANTA

To shi ruhin likitoci fa, ina labarinsa ya kwana? Bincike bai tsaya ba. Ibnun Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, ya gano cewa jini yana bi ta huhu ne kafin ya koma ɗaya ɓangaren zuciya. William Harvey na Ingila ya bayyana a 1628 yadda zuciya ke tura jini yana zagaya jiki yana dawowa. Wajen 1780 Lavoisier na Faransa ya nuna cewa numfashi dangin konewar wuta ne a hankali. A 1828 kuma Wöhler na Jamus ya haɗa a ɗakin gwaji wani sinadari da ke cikin fitsari, wanda a da ake zaton jiki mai rai kaɗai ke iya yin sa.

Ga abin da aka tabbatar a taƙaice. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100, tana tura jini kimanin lita 5. Cikin jinin akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗauke da oksijin daga huhu zuwa kowace gaɓa, kuma ba sa iya wannan aiki sai da sinadarin ƙarfe da ake samu daga abinci. A can cikin gaɓoɓi oksijin ke haɗuwa da abin da muka ci, sai ɗumi da ƙarfi su fito. Misalin Gazali bai faɗi ƙasa ba: abinci shi ne man fitila, numfashi shi ne iskar da wutar ke sha, jini shi ne lagwani. In ɗaya ya yi ƙaranci haske ya dushe, ko da babu wanda ya hura ta. Dubi hikimar hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda aka yi wasiyya da raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Amma hanyoyin ci da mutanen Sin suka zana, masu fiɗar jiki ba su same su ba, ko da yake gwaji ya nuna allurarsu tana ɗan sauƙaƙa wasu ciwace-ciwace. Wannan ba ya nufin maganin gargajiya banza ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro mafi ƙarfi a yau daga wani ganye dangin tazargade aka tato shi, wanda ke cikin tsofaffin littattafan Sin, kuma Tu Youyou, matar da ta jagoranci aikin a farkon shekarun 1970, ta sami lambar Nobel a 2015. Ganyen yana aiki, amma sai da aka gwada, aka san abin da yake kashewa, aka san awonsa. Haka muke girmama maɗori da ungozoma da wanzami a cikin abin da suka ƙware. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a cikin Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi wallafe-wallafe a kan magani. Neman lafiya ta hanyar sababi gadon malamanmu ne.

MU KOMA GA YARINYAR

Kowa ya san daga tsakiyar damina zuwa kaka sauro ke yawa a Maraɗi da garuruwan bakin Gulbi. Ƙwayar cutar da sauro ke sanyawa tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su. Sai tafin hannu da cikin ido su yi fari, yaro ya riƙa haki domin jininsa ya kasa ɗaukar iska. In cutar ta hau kai sai sanƙarewa da sambatu. Yaron da zazzaɓi ya ruɗa kuwa sunan wa zai kira in ba wanda ya saba gani ba, ko wadda ya ji manya suna tsorata shi da ita? Lokacin kuma shi ne rumbu ya yi ƙasa, hura ta yi ruwa, ga tsutsar ciki, ga tamowa. Waɗanda suka ga yunwar 2005 ba su manta yadda aka kwantar da dubban yara a cibiyoyin jinya na jihar Maraɗi ba, ƙashi da fata, aka yi ta ba su haɗin gyaɗa da madara har suka miƙe. Da mayu ne suka kama kurwarsu, da gyaɗa ba ta sako ta ba.

Likita ne zai tantance ciwon wannan yarinya bayan ya auna jininta. Abin da muke iya faɗi shi ne, yaron da jininsa ya ƙare kwana ɗaya yana da tsada gare shi, kuma kwanakin da ake ɓatawa wajen neman wanda zai tsallake shi su ne kwanakin da ƙarin jini zai iya zama sanadin tashinsa.

Kada wani ya ce mun musanta sihiri ko kambun baka. Alƙur'ani ya ambaci sihiri a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, ya kuma nuna ba ya cutar da kowa sai da izinin Allah. Kambun baka ya tabbata a hadisi, maganinsa addu'a da ruƙiyya. Amma dubi yadda aka yi a Madina. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Amiru ɗan Rabi'a ya yaba jikin Sahlu ɗan Hunaifu bai sa albarka ba, Sahlu ya faɗi. Maganar an yi ta ne a fili, ba duba aka yi ba, ba sambatun mai zazzaɓi aka bi ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Amiru faɗa, ya sa ya yi wanki aka zuba wa Sahlu ruwan. Ba a kore shi daga gari ba, ba a ƙi auren 'ya'yansa ba.

Ina wannan, ina abin da muke yi? Galibi wadda ake nunawa da yatsa tsohuwa ce marar gata, ko baƙuwa, ko matar da ba ta haihu ba. A taru a ƙofarta, a ci mutuncinta, sunan ya bi jikokinta. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana yawan zato, aya ta 58 ta Suratul Ahzabi ta nuna girman zunubin cutar da mumini a kan abin da bai aikata ba. Wanda kuma ya je wurin mai duba don a faɗa masa wanda ya kama ɗansa, ya tuna hadisin Muslim da ya nuna ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ga ciwo bai warke ba, ga haƙƙin maƙwabci, ga asarar salla.

Haka nan masu kwalabe da lasifika a kasuwanni da tashoshi, da masu talla a waya, waɗanda suka ari sunan Sin ko Indiya suna cewa maganinsu yana sabunta ƙarfin rai. Ka tambayi mai sayarwa: wane ƙarfi? In na jiki ne, to yana da awo, sai ya faɗi abin da ke cikin kwalbar da cutar da yake kashewa. In ruhi yake nufi, to ya yi da'awar abin da aka ɓoye wa Annabawa.

ABIN DA YA KAMACE MU

1. Mu riƙe cewa ruhi na Allah ne, ba a kama shi, ba a sayar da shi, ba a ƙara shi da magani. Abincinsa imani da zikiri da aikin ƙwarai.

2. Mu riƙe cewa ƙarfin jiki amana ne mai sababi. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Jika biyar ɗin kwalba ta fi amfani in ta zama wake da zogale da hanta da ƙwai a kwanon yara da masu ciki. A kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin da ake raba wa yara da damina.

3. Yaron da ya yi fari, ko yake haki, ko ya sanƙare, ko ya ƙi nono, a kai shi likita a ranar, a tafi ana yi masa addu'a a hanya. Hadisi ya tabbatar Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. In an nemi jini, 'yan'uwa su bayar, sadaka ce mai ceton rai.

4. Mu tsare gidajenmu da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da zikirin safe da maraice, maimakon tsorata yara da sunayen maƙwabta.

5. Liman da mai unguwa su tsaya wa wanda aka zarga ba da hujja ba. Wanda kuma ya taɓa jifan wani da maita, ya je ya nemi gafararsa tun suna da rai su biyun.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan darasi ya sa ɗiyar ɗan'uwanmu na Jiratawa cikin addu'a, ita da sauran marasa lafiyarmu na gida da na asibiti. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah Ya yafe mana. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya karɓi rayukanmu muna Musulmi. Wallahu a'alamu.